Me falsafar ilimi za ta ƙara wa malamar da ta riga ta iya riƙe aji?

"Malam, barka da aiki. Shekarata bakwai ina koyarwa a firamare, bana na koma jami'a don in yi digiri a fannin ilimi. A zangon nan an ɗora mana kwas na ra'o'i da falsafar ilimi. Gaskiya sunaye kawai nake haddacewa, Aflatun ya ce kaza, Dewey ya ce kaza, ban ga inda za su taimake ni da yara sittin a aji ba. Ga shi wata ƙawata ta ce falsafa tana taɓa wa mutum imani. In yi haddar in ci jarrabawa in wuce, ko akwai wani abu a ciki da ban gani ba? Kuma wanda ya zurfafa a fannin, wane aiki yake samu?"

Barka kadai Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abu uku kika haɗa a tambayarki: amfanin kwas ɗin ga mai tsayawa gaban allo, tsoron da ƙawarki ta jefa miki, da maganar abin yi bayan an gama. Na farkon ya fi ɗaukar lokaci, don haka a kansa zan fi zama. Na daɗe ina koyar da wannan kwas, kuma kusan kowane zango sai an samu malami mai gogewa irinki ya yi mini wannan ƙorafi. Waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba su kam ba sa damuwa, hadda suke yi su wuce. Wanda ya san aji shi ne yake jin ana ɓata masa lokaci.

Da taki falsafar kika shigo jami'a

A ce kin ba da aikin lissafi, yaro ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Me kike yi? Wata malamar za ta ja masa jan biro, ta sake rubuta ƙa'idar a allo, ta ba shi irin tambayar guda goma har hannunsa ya saba. Wata za ta zana da'ira ta raba biyu, ta tambaye shi: rabi da biyu bisa biyar, wane ya fi girma? In ya gane rabi ya fi girma, sai ta bar shi ya yi ta mamakin yadda aka ƙara wa rabi wani abu ya koma ƙasa da rabi. Wata kuma za ta zaunar da shi kusa da yarinyar da ta iya, ta ce su yi tare.

Malamai ukun nan kowacce tana da amsar da ta ba wasu manyan tambayoyi, ko ba ta taɓa furta ta ba. Mene ne sanin lissafi, iya fitar da amsa daidai ko gane dalilin da ya sa take daidai? Kuskure abin gogewa ne da sauri, ko hanya ce ta leƙa yadda yaro yake tunani? Ilimi daga kan malami yake gangarowa, ko yaro ne yake gina shi? Ko karin maganar nan da muke yi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, cikakken ra'ayi ne game da yaro: shi abin sarrafawa ne, siffar da zai ɗauka tana hannun babba. Da za a karanta wa Rousseau, masanin falsafa ɗan Geneva na ƙarni na 18, wannan karin magana da ya yi tsalle, don shi gani yake tanƙwarawar nan ce take lalata yaro, a bar shi ya girma bisa ɗabi'arsa ana kare shi daga cuta. Ba lallai ki yarda da shi ba, ni ma ban yarda da rabin abin da ya faɗa ba. Amma kafin ki ji shi, mai yiwuwa ba ki taɓa zaton karin maganar abin jayayya ne ba.

Aikin kwas ɗin ke nan in an koyar da shi yadda ya kamata. Zai fito miki da abin da kika shekara bakwai kina aiki da shi a ɓoye, ya ajiye shi a gabanki ki duba, ki riƙe na riƙewa ki zubar da na zubarwa.

Ra'i daban, falsafa daban

Sunan kwas ɗin ya haɗa abu biyu, kuma rashin raba su yana cikin abin da ke rikita ɗalibai. Ra'in koyo ƙoƙari ne na bayyana yadda koyo yake faruwa, kuma ana iya gwada shi. Jean Piaget, ɗan Siwizalan, ya riƙa zuba ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogon kofi siriri a gaban yara, ya ga waɗanda ba su kai kimanin shekara bakwai ba sukan ce ruwan ya ƙaru. Daga irin wannan ya gina ra'insa na matakan girman tunani. Masu bincike na baya sun sake gwaje-gwajen, suka ga in an sauya yadda ake yi wa yaro tambayar, ƙanana ma sukan amsa daidai fiye da yadda ya zata. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37 kacal, ya mai da hankali kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wani ya tallafa masa, ya ce a nan koyarwa take da aiki. B. F. Skinner na Amurka shi kuma ya tsaya kan lada da maimaitawa, ɗabi'ar da aka saka wa da abin daɗi ita take dawowa. Ki koma kan malamai ukun can, za ki ga ta farko Skinner take bi, ta biyu Piaget, ta uku Vygotsky, ko da ba su taɓa jin sunayensu ba.

Falsafa tana shigowa inda gwaji ya tsaya. Bincike zai iya nuna miki cewa ba da kyauta yana sa yara su gama aikin gida. Ba zai gaya miki ko ya dace a tarbiyyantar da yaro ya riƙa yin abu don kyauta ba. Zai iya auna wace hanya ce ta fi ɗaga maki, amma ko makin shi ne abin da ya kamata makaranta ta sa a gaba, wannan sai da hujja ta hankali. Shi ya sa a farkon littattafan kwas ɗin ake jero miki rassan falsafa: mai tambayar haƙiƙar abubuwa, mai tambayar mene ne sani da yadda ake samunsa, mai tambayar ƙima da kyawun hali, sai manɗiƙi mai auna ingancin hujja. Ki fassara su zuwa yaren aji: wane ne wannan yaron, me ake nufi da ya gane, me ya cancanci a koya masa, kuma dalilina ya tsaya da ƙafarsa ko bai tsaya ba.

R. S. Peters, wanda ya koyar a Landan ya kuma fitar da littafinsa kan ɗa'a da ilimi a 1966, ya ba da misali mai kyau na wannan aiki. Kalmar ilimantarwa kanta ya tasa a gaba. Ya ce kafin a kira abu ilimantarwa, sai abin da ake miƙawa ya zama mai daraja, sai mai karɓa ya fahimce shi har ya sauya yadda yake kallon duniya, sai kuma hanyar miƙawar ta mutunta shi. Da wannan ma'auni ya raba ilimantarwa da horarwa, ya raba ta da cusa ra'ayi. Ki ɗauki darasinki na jiya ki ɗora a kai ki gani.

Darasin lissafi mai shekara fiye da dubu biyu

Tunda kin ambaci Aflatun, masanin falsafar tsohuwar Girka, bari in nuna miki shi a cikin aji. A wata tattaunawa da ya rubuta mai suna Meno, malaminsa Sukrat ya kira wani yaro bawa da bai taɓa koyon lissafi ba. Ya zana murabba'i mai ƙafa biyu a kowane gefe, girman cikinsa huɗu ke nan. Ya ce da yaron, ina son wani murabba'in da ya ninka wannan, wato takwas, ƙafa nawa gefensa zai zama? Yaron ya amsa ba tare da ko ɗar ba: a ninka gefen, huɗu. Sukrat bai ce masa ka yi kuskure ba. Zanawa suka yi suka ƙirga, sai ga sha shida. Yaron ya ce to uku. Suka ƙirga, tara. Nan yaron ya ce shi fa bai sani ba.

A daidai nan Sukrat ya juya ga mai gidan yaron ya ce, ka ga yanzu ya fi ɗazu, ɗazu bai sani ba yana ganin ya sani, yanzu ya san bai sani ba, zai nema. Sannan ya jera murabba'ai huɗu irin na farkon, ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kowanne, ya bi yaron da tambayoyi har ya ga da idonsa cewa murabba'in da layukan nan suka haɗa shi ne mai takwas.

Aflatun ya kafa hujja da wannan cewa koyo tunowa ne, sanin yana cikin rai tun asali. Ni ban saya ba, kuma duk malamin da ya karanta wurin da idon sana'a zai lura yawancin tambayoyin Sukrat amsarsu na cikinsu, yaron "haka ne" kawai yake ta cewa. To, ga muhawarar da nake so ɗalibaina su yi: yaron ya gano ne, ko an ja shi da igiya? In an ja shi, mene ne bambancin wannan da abin da muke yi sa'ad da muka ce "kun gane?" aji ya amsa "e" baki ɗaya? Ke da kika shekara bakwai kina jin wannan "e" ɗin kin fi ɗalibin da ya fito daga sakandare jiya abin faɗa a nan, nesa ba kusa ba.

Me ya sa kwas ɗin yake komawa hadda

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai, mu masu koyarwa muna da kaso babba. Lokaci kaɗan ne, ɗalibai da yawa, jarrabawar da ta fi sauƙin dubawa ita ce "kawo siffofi biyar na mazhaba kaza". Sai a matse mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana tunani a cikin layi shida.

Ni kaina na faɗa ramin. A shekarata ta biyu da fara koyar da kwas ɗin, na tsaya ina yi wa ɗalibai shifta a kan Paulo Freire, ɗan Brazil ɗin nan da ya koyar da manya karatu a karkara a farkon shekarun 1960, aka ɗaure shi bayan juyin mulkin soja na 1964, ya yi gudun hijira zuwa Chile. Babbar sukarsa ita ce abin da ya kira ilimin ajiyar banki: malami yana zuba bayani a kan ɗalibi kamar mai ajiye kuɗi a asusu, ranar jarrabawa ya zo ya cire. Ina faɗa suna rubutawa, har da "waƙafi", "aya". Wani dattijon ɗalibi a baya, tsohon shugaban makaranta ne, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, wannan ajiyar da muke karɓa yanzu, yaushe za a zo cirewa?" Aji ya kwashe da dariya. Na yi dariyar tare da su, amma ban yi barcin kirki ba a daren. Tun daga zangon da ya biyo baya na daina shifta.

Ibn Khaldun, masanin tarihi ɗan Arewacin Afirka, ya ga wannan cuta tun a 1377 da ya rubuta Muƙaddima. Ya ware babi guda yana cewa yawan taƙaitattun littattafai yana cutar da koyo, don ana cunkusa ma'anoni masu yawa a kalmomi kaɗan a ba mafari, ya ƙare lokacinsa wajen warware lafazi, ƙwarewar da yake nema ba ta samu ba. Ya ce a bi fanni sau uku: a fara da jimlarsa a sauƙaƙe, a dawo a faɗaɗa a kawo saɓani, a sake dawowa a buɗe duk wani ƙulli. A wani babin ya ce tsananta wa ɗalibi yana kashe masa kuzari, ya koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Duk lokacin da aka taso da gardamar bulala a ajina, wannan babin nake fara karanta musu.

Maganar ƙawarki

Ba zan ce tsoronta ba shi da tushe ba. A kwas ɗin za ki haɗu da masana da ba su yarda da wahayi a matsayin hanyar sani ba, John Dewey na Amurka da kika ambata yana cikinsu. Za ki haɗu da waɗanda suke ganin babu wata gaskiya tabbatacciya. Amma karanta hujjar mutum daban, miƙa masa wuya daban.

Imam Gazali, wanda ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya rasu a 1111, shi ne ya fi shahara da yi wa masana falsafa raddi. Sai dai kafin ya yi raddin ya zauna ya karance su, har ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofinsu. Ya yi gargaɗi cewa mai ƙaryata lissafi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, kuma ya ɗauki manɗiƙi da muhimmanci ƙwarai. Bayan shi Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani. Wannan gardama ce ta cikin gida tsakanin malamai. Abin da na gani a shekarun da na yi, ɗalibin da ya san abin da ya yi imani da shi yakan fita daga kwas ɗin ya fi iya bayyana dalilinsa. In wata mas'ala ta tsaya miki a rai, ki kai ta ga malamin addinin da kika amince da iliminsa, wannan ba fagena ba ne.

Yadda za ki karanta shi

Kada ki yar da takardun da aka ba ku, da su za a yi jarrabawa. Amma ki zaɓi masani ɗaya ko biyu ki karanta babi guda daga ainihin rubutunsa, a hankali, da biro a hannu. Da ni ne zan fara da ɗan ƙaramin littafin da Dewey ya fitar a 1938 kan gogewa da ilimi. Takardun taƙaitawa sukan nuna shi a matsayin mai cewa a sakar wa yara mara su yi abin da suka ga dama. A wannan littafi shi da kansa yake sukar mabiyansa da suka yi haka, yana cewa ba kowace gogewa ce take ilimantarwa ba, wata ma toshe hanyar girma take yi. Mutum ne da ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, ya san yadda ra'ayi yake sauyawa in ya haɗu da yara na gaske.

Ki riƙa tambayar kowane masani: wace matsala ce ta dame shi a zamaninsa? Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, da ya rubuta takardarsa ta ilimi don dogaro da kai a 1967, abin da ke gabansa shi ne yaran Tanzaniya kaɗan ne ke wucewa sakandare, amma an tsara firamare gaba ɗaya kamar share fagen sakandare ce. Sai ya ce firamare ta zama cikakken ilimi a kan kanta. In kin san damuwar, ba kya buƙatar haddace siffofi biyar, da kansu za su zo.

Kada kuma ki ji nauyin musu da su. Rousseau da ya fitar da littafinsa na tarbiyya a 1762, wanda aka ƙone a Paris da Geneva, 'ya'yansa biyar gidan marayu ya kai su, da bakinsa ya faɗa. A littafin ya tsara wa yaro namiji ilimin 'yanci, ya tsara wa mace ilimin faranta wa miji kawai. Mary Wollstonecraft ta Ingila ta yi masa raddi mai zafi a 1792. Sanin wannan ba zai rushe duk hujjojinsa ba, amma yana cire wa ɗalibi kwarjinin sunan.

Sai abu ɗaya da nake tilasta wa ɗalibaina masu koyarwa: littafin rubutu ƙarami, kowane mako abu ɗaya da ya faru a aji, shafi ɗaya. Me ya faru, me na yi, me na ɗauka gaskiya ne har na yi hakan, wane masani ne zai ƙi yarda kuma me zai ce. Ranar jarrabawa, mai wannan littafi yakan bayyana matsayin masani, ya kawo suka, ya auna da misalin da ya gani da idonsa. A wurina wannan amsar ta fi ta mai hadda maki, ko da ya manta shekarar haihuwar wani. Ki dai dubi tambayoyin shekarun baya ki ga salon malaminku, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma akwai malaman da jerin siffofin suke so a kawo musu yadda suka bayar.

Batun aiki

A nan ba zan yi miki daɗin baki ba. Falsafar ilimi ita kaɗai ba ta da ƙofofin aiki da yawa. Wanda ya yi digiri na biyu da na uku a kanta, mafi yawa koyarwa yake yi a jami'a ko kwalejin horar da malamai, kuma guraben ba su da yawa. Wasu sukan shiga tsara manhaja, ko sashen tsare-tsaren hukumomin ilimi, ko ƙungiyoyin da ke aikin ilimi, amma a can ana son a ga ta haɗu da wani abu, kamar nazarin manhaja, gudanar da makarantu, ko iya bincike da alƙaluma. In kina son zurfafawa don abin ya kama zuciyarki, ki haɗa ta da ɗaya daga cikin waɗannan. Ba kuma yanzu za ki yanke ba, ki bari sai kin zo zaɓen batun kundin digiri.

Yaranki sittin kuwa, babu babin Aflatun da zai rage su zuwa talatin, ko ya hana na baya surutu. Wannan na darussan dabarun koyarwa ne da gogewar da kika riga kika tara, kuma a wannan fage wataƙila kin fi wasu masu yi miki lakca. Dewey ma da 'yan yara kaɗan ya fara makarantarsa, abin da ya yi ba zai kwafu yadda yake a ajinki ba. Ki fara da shafin farko na ƙaramin littafin rubutun nan a makon nan. In kin rasa abin rubutawa, ki rubuta lokaci na ƙarshe da kika ce "kun gane?", da yadda kika tabbatar ko sun gane ɗin.